Farin da ke fitowa a garkokin Dallol Mawri

Da zarar sanyi ya wuce, masu garka a Gecheme, Dumega da Kore Mairuwa sukan kira ni, a matsayina na malamin gona, su nuna mini fangalin da ya yi fari fat, bakin ganyen albasa ya ƙone. "Malam, irin nan ba shi da kyau," ko kuma "takin jabu aka sayar mana." Yawanci ba iri ba ne, ba taki ba ne. Gishiri ne da kanwa, kuma daga ƙarƙashin garkar suke tasowa.

A cikin kwarin dallol ruwa yana kusa, wani wurin gaba biyu ka tarar da shi. Ruwan nan yana ɗauke da narkakken gishiri, yana hawa ta ƙananan kafofin ƙasa kamar yadda kananzir ke bin lagwani. In ya iso sama rana ta shanye shi, gishirin ya zauna. Damina tana ba mu milimita 500 zuwa 600, rana da iska kuwa suna iya kwashe fiye da 2000 a shekara. Da wannan hawan ne matan Dallol Fogha, can wajen Gaya, suke kankare ƙasa su tace su dafa gishiri, sana'ar da Bature matafiyi Barth ya tarar a 1853.

Jigawa ba ta riƙe gishiri, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya wanke ta. Baƙar lakar bakin tabki ce mai taurin kai. Ruɓaɓɓen ganye da yumɓu suna da kafofin da ruwa ba ya ratsawa, gishiri ya shige ciki ya laɓe, yana fitowa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mutum zai cika fangali da ruwa yau, bayan mako farin ya dawo, ya ce an yi masa asiri.

Yayyafin kullum shi ne babban kuskuren da nake gani. Gara ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci, amma sai an fitar da hanyar da ruwan zai fice, in ba haka ba gishirin yana nan. A rufe fangali da karan hatsi ko ɓawon gyaɗa, a zuba takin gida. A dasa a gefen kunya, don a ƙololuwarta gishiri ke taruwa. Farin da aka kankare a kai shi nesa, kada a jibge a bakin fangali. In kuwa ruwan rijiyar ne da kansa ke da zartsi, a bar albasa da wake a wurin, a gwada dabino.