Filin Shawarwari: Wace Fitila Ta Dace da Keken Mai Tafiyar Dare?

TAMBAYA

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani magidanci mai awon hatsi a Kasuwar Dawanau, wanda yake komawa ƙauyensu a kan keke bayan sallar isha'i. Rabin tafiyarsa a kan titin Kano zuwa Katsina ne, inda tireloli da motocin haya ba sa yankewa, ragowar kuwa hanyar burji ce mai ramuka da yashi, wadda babu fitila ko ɗaya a gefenta. Ya ce ya daɗe yana ɗaure tocila da roba a kan kekensa, amma takan karkace duk sa'ad da ya faɗa rami, ga shi kuma batir yana cinye masa kuɗi. Da ya je sayen fitila ta gaske, mai shago ya nuna masa wata da aka rubuta lumen 5,000 a kwalinta, ya ce ta fi ta babur haske, shi kuwa mai gyaran kekensa ya ba shi shawarar ya koma wa dainamo irin na kekunan da. Tun da wutar lantarki ba ta zama a ƙauyensu, yana so a bayyana masa wadda ta dace da shi, da kuma ma'anar lambobin da ake bugawa a jikin kwalaye.

AMSA

Allah ya ƙara wa malam mai tambaya buɗi a kasuwa. Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne wasiƙar tasa gaba ɗaya a kan fitilar gaba take magana, alhali haɗarin da ya fi girma a hanyarsa daga baya yake tahowa. Rami yana iya kayar da mutum ya tashi ya karkaɗe rigarsa, amma tirelar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma direbanta, wanda fitilun motocin da ke fuskantarsa suka riga suka kashe masa ido, sau da yawa ba ya hango mai keke mara fitila sai lokacin taka birki ya ƙure. Saboda haka ne Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tanadi cewa keke ya kasance da farar fitila ko mai ruwan ɗorawa a gaba, da jar fitila a baya, da kuma jan abin nan mai mayar da haske, wato ƙaramin faifan roba wanda ba ya buƙatar batir, yana dai ƙyalli ne idan hasken mota ya sauka a kansa. Jar fitilar baya ita ce mafi arha a cikin kayan, kuma wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, don haka da ita ya kamata a fara.

Wurin da aka kafa ta ma yana da muhimmanci, domin masu ƙera ta sun yi ta ne a ɗaura a ƙarƙashin sirdi, ba su yi lissafin buhun gero a kan kariya ba, balle babbar rigar da ke saukowa ta rufe komai. A irin wannan keke, ƙarshen kariya ta baya shi ne mazauninta. Yawancin irin waɗannan fitilu suna iya ƙyaftawa ko su tsaya a kunne, kuma ko da yake ƙyaftawar tana jawo hankali tana kuma rage cin batir, tana sa direba ya kasa ƙiyasta nisan da ke tsakaninsa da keken a cikin duhu sosai, shi ya sa ya fi kyau a bar ta a kunne a kan babban titi.

Game da lambobin kwali kuwa, lumen ma'auni ne na jimillar hasken da fitila ke fitarwa ta kowace fuska, ko ya sauka a hanya ko ya tafi sama a banza, shi kuwa luks ma'auni ne na hasken da ya sauka a kan wani wuri, wanda shi ne mai keke yake gani da shi. Lissafi mai sauƙi ya isa ya tona asirin waccan fitila ta mai shago. Ƙwan fitila na zamani, wanda ake kira LED, yana ba da abin da bai wuce lumen 100 da ɗoriya ba a kan kowane wat na wuta idan yana cikin aiki, shi kuma batirin lithium mai lamba 18650, wanda ake sa wa yawancin irin waɗannan fitilu (lambar tana nufin kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65), ba ya ɗaukar fiye da wat-awa 10 zuwa 13 ko da na kirki ne. Ke nan fitilar da za ta ba da lumen 5,000 da gaske sai ta ci wajen wat 50, ta shanye batirin cikin kwata na awa, ta kuma yi zafin da ba za a iya taɓa ta ba. Haka nan duk batirin 18650 da aka rubuta masa mAh 9,900 a matsayin yawan wutar da yake ɗauka ƙarya aka buga, domin na gaske ba ya wuce wajen 3,500 da yawa. Kwali dai ba ya jin kunyar lamba.

Mai tuƙa keke ɗauke da kaya a kan burji ba ya wuce kilomita 15 a awa, wato mita huɗu da 'yan kai a daƙiƙa, don haka idan yana ganin mita goma sha biyar zuwa ashirin a gabansa ya sami isasshen lokacin kauce wa rami ko jakin da ya kwanta a hanya. Lumen 200 zuwa 400 na gaskiya sun wadatar da wannan, muddin hasken ya shimfiɗu a ƙasa da faɗi. Matsalar tocila ita ce haskenta zagaye ne mai tsananin ƙarfi a tsakiya, rabinsa yana tafiya sama yana shiga idon mai tahowa, kuma a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta cika iska, wannan hasken na sama yana dawowa cikin idon mai keken kansa ya zama farin hazo. A Jamus, dokar kayan ababen hawa da ake kira StVZO ta wajabta cewa hasken fitilar keke ya yanke a sama kamar na mota idan an sauke shi ƙasa, kuma fitilar da ta cika wannan sharaɗi ta fi amfani a cikin ƙura fiye da wadda ta ninka ta lumen. Gwajin ba shi da wuya: a haska bango daga nesa, a duba ko hasken yana da iyaka miƙaƙƙiya a sama ko kuwa zagaye ne kawai.

Shawarar mai gyaran keke ba ta banza ba ce. Dainamo ƙaramin injin samar da wuta ne wanda juyawar taya ke tuƙawa, yana ba da bolt 6 da wat 3, kuma wannan wuta da a da take ba da ɗan jan haske a tsohon ƙwai, a yau tana haska hanya sosai idan aka haɗa ta da fitilar LED da aka ƙera musamman domin dainamo (ba kowace ba, domin wutarsa mai kai-da-komowa ce, ba irin ta batir ba). Sai dai irin wanda ke gogar gefen taya yana sulɓewa a laka da ruwan damina, yana cin taya, yana ƙara wa feda nauyi, kuma mafi muni, yana mutuwa da zarar an tsaya, wato daidai lokacin da mai keke ke tsaye a bakin titi yana jiran tsallakawa. Wanda ake ginawa a cikin cibiyar ƙafar gaba ya kauce wa yawancin waɗannan matsaloli, amma yana da tsada, kuma sai an sake ɗaure ƙafar baki ɗaya.

Abin da filin nan ya gani ya fi dacewa da malam shi ne fitilar gaba mai caji da igiyar USB, irin ta wayar hannu, tun da yana wuni a kasuwa inda masu cajin waya suke, sai ya ba da ita da safe ya karɓa da la'asar, ya riƙa tafiya da matsakaicin haskenta, ya ajiye mafi ƙarfin domin wuraren da hanya ta lalace. Ya nemi wadda aka rubuta mata IP65, lambar da ke nuna cewa ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa, domin IPX4 yayyafi kawai ta yi alkawari, ba ta ce komai a kan ƙura ba. Ya jijjiga maƙalinta da hannu tun a shago, ya tabbatar ana iya zare ta a sa a aljihu idan an ajiye keke, kada kuma ya bar ta a rana, saboda zafi yana rage kwanan batirin lithium. Jar fitilar baya kuwa gara mai ƙananan batira na AAA, waɗanda ake samu a kowane kanti, tsohuwar tocilar kuma ta zauna a jaka saboda daren da aka manta caji.