Darasin Kiwon Lafiya: Jariri Da Kumburin Ciki

A zagayen da muke yi wa ƙungiyoyin manoma, mata da yawa sukan kawo mana ƙara ɗaya: jariri ya sha nono ya ƙoshi, amma sai kuka, yana lanƙwashe ƙafafu yana nishi. Sau da yawa iska ce ya haɗiya tare da nono. Wanda aka bari ya daɗe yana kuka kafin a ba shi, ko wanda bai kama nono da kyau ba, shi ya fi haɗiyar iska. Da damina abin yakan ƙaru, domin uwa tana hanzarin komawa gona, ta ba shi a gurguje ta kwantar.

Maganin wannan gyatsa ce, ba ta cin ko kwabo.

1. In ya gama nono ɗaya, a ɗora shi a kafaɗa, a tallafe kansa, a riƙa bubbuga bayansa a hankali, sa'an nan a ba shi ɗayan.
2. Ko a zaunar da shi a cinya, a tallafe ƙirji da haɓa, ana shafa baya.
3. In iskar ta sauka ƙasa, a kwantar da shi rigingine, a shafa cikin yadda hannun agogo ke juyawa, a motsa ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke.
4. A riƙe shi a miƙe kamar minti 15 bayan shan nono. Ɗan tumbuɗi ba laifi ba ne. In zai yi barci, rigingine za a kwantar da shi.

Wannan aiki maigida ma yana iya yi.

Kada mu ɗura masa dauri, ko ruwan kanwa, ko zuma. Har ya cika wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Ruwa marar tsabta yana kawo zawo, zawo kuwa yana kashe jarirai. Kukan yakan yi tsanani wajen mako 6, ya lafa a wata 3 ko 4.

Amma in aman kore ne, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko akwai jini a kashi, ko jiki ya yi zafi, ko ya ƙi nono, kada mu jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan da nan.

Abin yi a taro: a sami uwa mai goyo ta gwada hanyoyin nan a gaban kowa. Mu kuma tambayi juna, me ake ɗura wa jarirai a ƙauyenmu, yaya kuma za mu yi wa kakanni bayani cikin ladabi?