Ciwon Gaɓoɓi: Ku Faɗa wa Nas Gaskiyar Yadda Yake

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna fama da ciwon gwiwa ko kugu ko yatsu. Mai dakon kaya a kasuwar Kejetia ya san shi, haka ma manomi da tsohuwar da ruku'u ko durƙuso yake yi mata wuya. Mukan ce sanyin ƙashi ne, mu yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ɓoye ciwo ba haƙuri ba ne. Ciwon da ya wuce wata 3 yana bukatar a duba shi a asibiti.

Ciwon gaɓoɓi iri-iri ne

Na ɗaya, na tsufa da aikin ƙarfi. Guringuntsin gaɓa ne yake cinyewa, musamman a gwiwa da kugu. Yana ƙaruwa da aiki, ya lafa da hutu.

Na biyu, amosanin gaɓoɓi mai kumburi. Garkuwar jiki ce take yaƙar gaɓoɓin mai ita. Yakan kama yatsun hannu biyu tare, su sandare da safe har awa ɗaya ko fiye. Ya fi kama mata, har da masu ƙuruciya. In an yi jinkiri, yatsu sukan karkace.

Na uku, amosanin jini, wato sikila, wanda Asante suke kira ahotutuo. Gadonsa ake yi daga uwa da uba. A nan Kumasi ne Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jinin jarirai domin gano shi a 1995.

Maganin wannan ba shi ne maganin wancan ba. Shi ya sa nas take yi muku tambayoyi.

Nas mai binciken ciwo

Ma'aunin zafin jiki yana nuna zazzaɓi, amma babu na'urar da take nuna raɗaɗi. Sai mai ciwo ya faɗa. Wata nas 'yar Gana, Farfesa Lydia Aziato, ta yi shekaru tana bincike a kan wannan. Ta yi jinyar marasa lafiya, ta ci gaba da karatu har ta sami digirin dakta a Afirka ta Kudu, ta koyar a Jami'ar Gana. Ita da abokan aikinta sun gwada hanyoyin auna ciwo da lambobi da hotunan fuska da launuka, domin wanda bai yi boko ba ma ya iya nuna ƙarfin ciwonsa. A 2022 ta zama shugabar jami'ar kiwon lafiya da ke Ho. Iyaye, ku lura: aikin nas ilimi ne mai zurfi, 'ya'yanmu na Zango ma za su iya.

Abin da za ku faɗa wa nas

1. Ina ne yake ciwo? Ku nuna da yatsa.
2. Tun yaushe ya fara?
3. Da safe ya fi tsanani, ko bayan aiki?
4. Daga 0 zuwa 10, nawa ne ƙarfinsa?
5. Me ya hana ku yi: barci, noma, ko ibada?
6. Me kuka sha? Ku zo da kwalin maganin, har da na gargajiya. Ba za a yi muku faɗa ba.

Ku yi hattara

Shan diclofenac ko ibuprofen kullum yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Kada ku haɗa su. Dexamethasone da prednisolone sukan kumbura fuska, su ta da sukari, su raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana shansu kada ya daina farat ɗaya, sai da shawarar likita. Tramadol yana kama mutum. In likita ya ba ku methotrexate, sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta sha. Kada a yi wa gaɓa mai kumburi tsaga.

Idan gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ku zo asibiti a ranar. In ciwon ya fi ƙarfinmu, za mu ba ku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

Ku riƙa motsa jiki a hankali kowace rana, ku rage nauyin kaya. Allah ya ba mu lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wata nawa ciwo zai yi kafin a ce ya daɗe?
2. Wa kuka sani yana ɓoye ciwonsa? Wa zai raka shi asibiti?