Batsa Haramun Ce, Tonon Asiri Ma Haramun Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, ko a Ƙanƙara kake, ko Faskari, ko Sabuwa, ka sani kallon finafinan batsa haramun ne. To amma ba a wanke najasa da fitsari. Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan wani sai da izini. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wayarka. A ƙa'ida, ɗan sanda ba ya bincike ɗakinka sai da waranti daga kotu. A 2020 ma Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana bincikar wayoyin jama'a barkatai. In an zo maka, ka nemi ganin takarda cikin ladabi, ban da kokawa.

Mai shagon da ke tura batsa a fili kuwa, shi ya yaye suturarsa. A kai ƙararsa wurin hukuma, kada ku yi gungu ku far masa.

Kai kuma, goge abin nan yau. Allah Yana ganinka ba tare da waranti ba.

Allah Ya shirye mu, amin.