Amsar Tambaya: A Cike Gurbi Ko A Ɗauki Gwani?

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya: a wajen zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon Amurka, wanne ya fi maslaha, ƙungiya ta ɗauki wanda zai cike gurbin da ke damunta, ko kuwa wanda ya fi kowa gwaninta?

Malam, wannan mas'ala ce da masana wasan suka daɗe suna saɓani a kanta. Ka sani kowace shekara, cikin watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL sukan zaɓi samari daga jami'o'i a zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta gabata ita ke fara zaɓe. To, da yake buƙata aba ce mai sauyawa, domin rauni ko ƙarewar kwantiragi kan buɗe gurbi inda ba a zata ba, alhali baiwa ba kullum ake dacewa da ita ba, ra'ayin da ya rinjaya a wurina shi ne a ɗauki gwani. Hujjata kuwa ita ce abin da Green Bay Packers suka yi a 2005, sa'ad da suka ɗauki Aaron Rodgers a lamba ta 24, ga kuma Brett Favre a hannunsu yana riƙe da matsayin mai jefa ƙwallo. Shekara uku saurayin ya yi yana zaman jira, daga bisani ya kai su ga lashe Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2011.

Sai dai akwai sharaɗi, Malam: idan samari biyu suka yi kunnen doki a daraja, to, buƙata ce za ta raba gardama.