Darasi: Gasar Harbi da Ƙaramar Bindigar Iska ta Mata Masu Naƙasa

Mun san kalmar bindiga kaɗai tana tayar wa da yawanmu hankali, don ƙararta ce ta raba mu da gida. Wannan ta wasa ce, ba ta da albarushi. Iska ce ke tura 'yar dalma mai faɗin milimita 4.5 zuwa takarda, daga nisan mita 10.

Sunan rukunin SH1: matan da ƙafa ko hannu ya samu matsala, amma suna iya ɗaga bindigar da hannu ɗaya, a tsaye ko a kan keken guragu. Da'irar tsakiya mai maki 10 ba ta wuce maɓallin riga ba. Kowacce tana harbi sau 60, takwas na sama su shiga zagayen ƙarshe. Natsuwa da riƙe numfashi ne aikin, ƙarfi bai da amfani.

Sareh Javanmardi 'yar Iran ta ci zinariya sau uku a jere a gasar Paralympics, daga 2016 zuwa 2024.

A sansani an hana makami kowane iri, don haka ba ma wannan wasan. Amma iyaye, idan ana rubuta sunayen yara don wasanni, ku kawo 'yarku mai naƙasa ita ma.