Darasin lissafi: Rabi ta ƙirga canjinta

Karatu

Rabi ƴar aji uku ce a wata makaranta ta Damagaram. Uwarta tana sayar da ƙuli-ƙuli. Wata ranar asabar uwar ta kwance bakin zanenta, ta fiddo takardar jika ɗaya, ta ce:

— Rabi, tafi kasuwar Dole ki sayo sabulu da man gyaɗa da gishiri. Ki kula da canji, shi ne kuɗin cefanen gobe.

— To, Inna.

Rabi ta isa rumfar Malam Idi, ta iske mutane da yawa. Ta sayi sabulu na dala 50, man gyaɗa na dala 70, gishiri na dala 15. Ta tara a ka: 50 da 70 sun yi 120, da 15 sun yi 135. Ta miƙa jikar. Malam Idi yana ta sauri, ya zuba mata kuɗin ƙarfe uku a hannu: ƴan dala ashirin guda biyu, da ƴar dala biyar guda ɗaya.

Rabi ba ta tafi ba. Ta koma gefe, ta buɗe hannunta. Ta san jika ɗaya dala 200 ce. Sai ta fara ƙirga daga kuɗin kaya, tana hawa sama:

« Dala 135 da dala 5, dala 140. Da dala 20, dala 160. Da dala 20 kuma, dala 180. »

Kuɗin hannunta sun ƙare, amma ba ta kai 200 ba. Gabanta ya faɗi. Ta sake ƙirgawa, ta sake samun 180. Ta dakata har mutane suka ragu, ta matsa, ta ce:

— Baba, ka yi haƙuri, canjina bai cika ba. Saura dala ashirin.

— Nawa na ba ki, ɗiyata?

— Dala arba'in da biyar, ga su. Canjina kuwa dala sittin da biyar ne.

Malam Idi ya ƙirga da kansa, ya ga gaskiyarta. Ya ƙara mata ƴar dala ashirin, ya ce:

— Hayaniya ce ta ruɗe ni. Allah ya yi maki albarka.

Rabi ta kai ma uwarta kaya da canji cif. Washegari aka ɗora tukunya.

Mu san kuɗinmu

Sunan kuɗin ƙasarmu sefa. Bankin BCEAO ne ke fiddo su. Abin da aka rubuta bisa kuɗi, tamma ne. A kasuwa kuwa da dala muke ƙirga. Dala ɗaya tamma 5 ce.

Kuɗin ƙarfe:
5 F, dala 1
10 F, dala 2
25 F, dala 5
50 F, dala 10
100 F, dala 20
200 F, dala 40
250 F, dala 50
500 F, dala 100

Kuɗin takarda:
500 F, dala 100
1 000 F, jika 1 (dala 200)
2 000 F, jika 2
5 000 F, jika 5
10 000 F, jika 10

A nan ne yara da yawa ke yin kure. Yaro ya ga 100 bisa kuɗi, sai ya ce dala ɗari ne. A'a, dala ashirin ne. In muna neman dala, sai mu raba tamma gida 5. In muna neman tamma, sai mu ninka dala sau 5.

Mu riƙe

Canji shi ne abin da ya rage bayan an ɗebe kuɗin kaya daga kuɗin da aka bayar.
A allo muna ɗebewa: 200 − 135 = 65.
A kasuwa muna ƙirgawa daga kuɗin kaya, mu fara da ƙananan kuɗi, har mu kai kuɗin da aka bayar.
Ana ƙirga canji tun ba a bar wurin mai kaya ba. In an ba mu fiye da namu, mu maida mashi abinsa.

Tambayoyi

1. Mi ya sa uwar Rabi ta ce ta kula da canji?
2. Yaya Rabi ta gane canjinta bai cika ba?
3. Tamma nawa ne canjin da ta kai gida?

Aiki

1. Dala nawa ne: 150 F, 400 F, 750 F?
2. Tamma nawa ne: dala 7, dala 30, dala 120?
3. Sani ya sayi littafin rubutu dala 25 da biro dala 20. Ya ba da takardar dala ɗari. Nawa ne canjinsa?
4. Hasana ta sayar da ƙosai na dala 15. An ba ta ƴar dala arba'in. Nawa za ta maida? Ku nuna hanya biyu ta haɗa wannan canji.

Wasa

Ku yanka kwali, ku rubuta kuɗi a kai. Ɗaya ya zama mai kanti, sauran su zama masu saye. Kowa ya ƙirga canjinsa da ƙarfi, aji duka su ji.